Kafin Nonon Ya Huce

Ranar da Nazira ta koma aiki bayan hutun haihuwa, ko zama ba ta gama yi ba shugaban buronsu, wato ofishinsu na garin Gidan Rumji, wanda suke ce wa Mushe Hayatu irin na Faransanci, ya aiko a kira ta. Ta ɗauka wani tsohon laifi aka ajiye mata. Ashe albishir ne.

"Madam, kin san doka ta ba mai shayarwa awa guda kullum har yaro ya shekara? In hantsi ya yi, ki hau motonki ki je ki ba shi nono ki dawo. Ba alfarma na yi miki ba, hakkinki ne."

Wayyo daɗi! Nazira ta fito tana dariya ita kaɗai, har mai gadi ya tambaye ta ko ƙarin girma aka yi mata. Tun da hutun ya doshi ƙarewa ba ta da tunani sai na yadda jaririn zai wuni ba nono. Yanzu ga gwamnati da kanta ta ce je ki. Da aka tashi daga aiki ta fizgi moton nan nata mai ƙafa biyu, ba ta tsaya gaisawa da kowa a hanya ba.

Gidan su mijinta Mas'ud gidan yawa ne, kuma gidan mai. Uwarsa, Inna Mero, ita ce gwanar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta unguwar, har daga garin Cadakori mata ke zuwa sari wurinta. Nazira ta tarar da ita gaban murhu, jaririn na goye a bayanta. Sunan marigayi mijinta Sha'ibu aka sa masa, shi ya sa take kiransa Maigida. Ita ko Nazira ba ta kiransa da komai. Ɗan fari ne, kuma mai sunan suruki. Kunya biyu ta haɗu mata, ko kallonsa ba ta iya yi sosai in da mutane.

Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta faɗi abin da aka ce a buro.

Inna Mero ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Maigida, ka ji? Gwamnati ta san da zamanka! Mu da muka yi goyo a bakin turmi, wa ya taɓa ba mu awa?"

Tala, ƙanwar Mas'ud, ta ɗauko ƙwarya ta kife tana kiɗa, tana waƙar Maigida mai awar gwamnati. Mas'ud da ya dawo daga shagonsa na takin zamani ya ji labari, ko ruwa bai sha ba ya koma majalisa ya baza. Ran nan har maƙwabta sai da suka leƙo yin barka, sai ka ce wata haihuwar aka sake yi.

Washegari da hantsi Nazira ta iso gida, ƙirjinta ya cika tam, har gaban rigarta ya fara jiƙewa. Ta jingine moto, ta wanke hannu, ta tsaya nesa kaɗan tana jiran a miƙo mata yaro. Inna Mero ta ɗago ta dube ta, ta dubi rana.

"A'aha! Ɗiyata, cikin ranar ga kika taho? Nonon ga ai ya yi zafi. Kika ba shi yanzu, zawo za ya kama shi. Zamna ya huce tukuna."

Nazira ta san wannan maganar. Kowa ya san ta. Matar da ta dawo daga gona ko daga rijiya cikin rana ba ta ba yaro nono sai ta huta, haka ta ji tun tana yarinya. Ta nemi inuwa za ta zauna.

"To kafin ya huce, kama mini muciyar ga. Hannuna ya gaji."

Mene ne a ciki? Ta karɓi muciya ta shiga tuƙa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, Inna na tsiyaya ruwan zafi, mai na tsattsafowa. Nazira ƙarfaffiya ce, ba ta yi nisa ba mai ya kwanta a sama fal. Inna ta tafa hannu.

"Kai, kai, kai! Tala, zo ki ga hannu! Ke da kike wuni kina shafa tunkuza kamar mai lallashinta. Wanga hannu ai ba na alƙalami ba ne, kuskure aka yi."

Aka yi ta dariya, har da Nazira. Da aka gama kwashe mai ta share gumi ta sake matsowa. Inna ta kai bayan hannu ta taɓa wuyanta.

"Subhanallahi, kin fi ɗazu zafi! Bari dai ki ɗan ƙara shan iska. Juya mini ƙulin can kada ya ƙone."

Jama'a, a gaban kaskon suya ake shan iska? Amma haka aka yi. Kafin ƙuli ya yi ja, lokaci ya cika. Nazira ta dubi wayarta, ta dubi ƴan ƙafafun da ke reto a bayan Inna.

"Tahi abinki kada shef ɗinku na buro ya yi faɗa," in ji Inna. "Maigida ba ya da matsala, na dama mishi salalar gero ya sha, ga baurinshi nan. Dubi yadda yake barci."

Ta koma buro da nononta kamar yadda ta zo da shi. Ta shiga ban-ɗakin da ke bayan buro ta tatse a ƙasa, tana cije leɓe don zafi. Ta ce a ranta yau ce ta farko, gobe za ta fito da wuri kafin rana ta yi ƙarfi.

Gobe ta fito da wuri. Aka ce ai injin moto ma zafi gare shi, kuma a kansa ta zauna. Jibi ta lulluɓe da farin mayafi ta zo a hankali, aka ce hancinta na gumi. Ranar da aka wayi gari da hadari, iska mai sanyi na kaɗawa, ta iso tana murna, ta tarar an riga an ɗura masa salala ya yi barci, kuma wa ke tada mai barci? Kullum da dalilin ranar, kullum kuma muciya na jingine tana jiranta.

Ba a daɗe ba aka daina ma taɓa wuyanta. Da an ji ƙarar moto a ƙofar gida sai Tala ta yi kuwwa, "Ga awar gwamnati nan ta iso!" A sauke tukunya, a miƙa muciya. Inna Mero ta ƙara yawan gyaɗar da take kaiwa inji. Ta karɓi aikin wasu mata biyu na Tibiri da a da take cewa ba ta iyawa. Gidan ya cika da ƙamshin suya da shewa. Ranar kasuwar Cadakori har amalanke ake kira ya kwashi jarkoki. Inna ta ɗinka sabon zane, ta saya wa Maigida hula mai kunnuwan zomo, aka ɗora masa aka yi ta kyakyata dariya, kansa na langaɓewa gefe.

"Ku dubi mijina," in ji ta, tana cilla shi sama. "Ba ya son abincin buro, ya ce girkin tsohuwarshi ya fi. Ko ba haka ba, Maigida? Yaro mai haƙuri, ko kuka ba ya yi!"

Da gaske kukan ya ragu. Nazira ta lura. Da maraice in ta dawo, sai ta gama tuwon gida kafin a kwance mata shi, kuma in ta sa shi a ƙirji sai ya ja kaɗan ya saki, cikinsa a kumbure da ruwan gero. Ita ma ƙirjin ya daina cika kamar da. Rigarta ta daina jiƙewa a buro. Ranar da ta shiga ban-ɗaki ta matsa ta ga ɗigo kawai, sai ta jingina da bango ta yi kuka. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai.

Ta sami Mas'ud a ɗaki yana lissafin buhunan taki a waya.

"Malam, ina son ka yi wa Inna magana. Awar nan ta yaron ce. Tunda na koma aiki ban taɓa ba shi nono da rana ba."

Ya ɗago yana murmushi. "Yau kuma ke ce da bakinki kike zancen ɗan fari? Ina kunyar?"

"Yana ramewa."

"Tsawo yake yi. Inna ce fa ta raine mu duka gidan ga, da salalar nan da baurin nan. Dube ni, mi ya same ni?"

Bai ce komai ba game da yayyensa biyu da ba su kai yaye ba, waɗanda Inna kan ambata in ana hirar shekarun baya. Nazira ma ba ta iya cewa ba.

"Kuma ki duba," ya ci gaba, "da safe ba ki nan, da rana ba ki nan. Matan ƙannena na can gona, ke kina cikin buro ƙarƙashin fanka. Ɗan abin da kike kama wa Inna shi ke sa ba a maganarki a gidan ga. Ni kaina kin wanke ni. Ki yi haƙuri, in Allah ya kai mu rani aikin zai ragu."

Mushe Hayatu ma ya ji ƙamshi. Wata rana ta dawo a makare tana haki, ya shaƙi iska ya ce, "Madam, yaron nan ƙuli-ƙuli yake sha ne?" Ƴan buro suka fashe da dariya. Nan ne wurin da ya kamata ta buɗe baki. Amma wace mace ce za ta tsaya gaban maza a wurin aiki ta tona asirin gidan mijinta? Ta yi dariya tare da su. Da ta ba da labari a gida don a ji kunya a sassauta mata, Inna ta ji daɗi ƙwarai, ta cika leda da ƙuli mai sukari ta ce a kai wa shef tukuici, mutumin kirki mai ba da awa.

Rannan dai Nazira ta yi ta maza. Inna ta kwantar da yaron a ɗaki ta zaga bayan gida, Tala ta tafi inji. Ta saki muciya, ta faɗa ɗakin kamar ɓarauniya, ta ɗauke shi ta tura masa nono. Ya kama, ya buɗe ido ya dube ta. Ba ta san lokacin da ta fara yi masa surutu ba, tana dariya ƙasa-ƙasa, tana sumbatar tafin ƙafarsa. Daɗin da ta ji a ƴan mintocin nan ba ta taɓa jin irinsa ba. Tana cikin haka labule ya ɗaga.

"La'ilaha illallahu! Daga bakin wuta? Nazira, kashe mini shi za ki yi?"

Kwana biyu bayan haka zawo ya kama shi. Ruwan da ake dama salalar daga randar tsakar gida ake ɗibarsa, da moɗar da kowa ke sha, amma ba wanda ya dubi randa. Gida duka aka juyo kan Nazira. Maƙwabta suka shigo dubiya, kowace sai an ba ta labari daga farko: yadda aka kama ta, yadda gumi ke zuba, yadda nonon ke turiri. Tala har kwaikwayon yadda ta zabura take yi, mata na riƙe ciki.

"Ƴan lakol ke nan, ƴan boko," in ji wata tsohuwa. "Sun san takarda, ba su san goyo ba."

Daga ranar Inna ba ta ƙara sauke shi daga bayanta da rana ba. Aka ƙara bauri, aka sayo wani jiƙo wurin mai magani a kasuwa. Zawon ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Hular zomo ta fara faɗowa har kan idonsa. Inna ta ce wanki ne ya buɗa ta.

Ranar awon yara ta zo. Inna ta ce da ita za a je, don ita ta san lafiyar mijinta. Ta sha sabon zane, ta hau bayan moto tana ɗaga wa mutane hannu. A likita, wato asibiti, ta cika rumfar jira da barkwanci, tana nuna wa mata jikanta da gwamnati ta yanka wa awa.

Madam Binta, ma'aikaciyar da ke awo, ta kwance shi daga zane ta ɗora a sikeli. Ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗorawa. Ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Fara'arta ta ɗauke.

"Wace ce uwar yaron ga?"

Nazira ta matso.

"Ba ke ce ke aiki a buro ba? Ba su ba ki lokacin shayarwa? In shef ɗinku ne ya hana, faɗa mini yanzu in je in same shi."

Kafin Nazira ta haɗiye yawu Inna Mero ta karɓe. "Yawwa ɗiyata, faɗa mata! Aikin buron ga shi ya cinye yaron ga. Tun safe ta fice, ni ke fama. In ta zo ma a gurguje, nonon da zafi kamar shayi. Ba don salalar da nike ba shi ba, da tuni wani zance ake."

"Salala? Yaron da bai kai wata shida ba?" Madam Binta ta dafe kai. "Inna, nono ba ya zafi. Ko daga gidan burodi ta fito, ta ba shi. Yau ba za ku koma gida da shi ba."

Aka ba su gado a ɗakin yara masu tamowa. Inna ta yi kuka na gaske, don tana son jikanta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa aikin gwamnati ya kwantar da Maigida. Mas'ud ya zo da kwanon abinci, ya tsaya bakin gado yana girgiza kai, ya ce dama shi tun farko bai so aikin nan ba, in an sallame su za a zauna a yi magana.

Hankalin Nazira na kan abin da Madam Binta ke yi. Ta kawo kofi da madarar asibiti, da wani siririn tiyo. Ta tsoma baki ɗaya a kofin, ɗayan ta manna shi a kan nonon Nazira da filasta.

"In ya ja, madara za ta zo mishi ta tiyon, ya ɗauka nono ne ya ci gaba da ja. Jan nan shi zai kira naki ya dawo. Amma sai kin zauna. Duk sanda ya motsa ki sa shi. Ba tashi, ba zuwa ko'ina."

"Zai dawo, Madam?"

"Na wasu yana dawowa."

Mushe Hayatu ya aiko cewa ta zauna har yaro ya warke, ba wanda zai taɓa mata aikinta. Ta zauna. Yaron ya ƙi kamawa, ya kama ya saki, ya sake kamawa. A rana ta uku ya fara ja da ɗan ƙarfi, ta ji wani tsiii a cikin ƙirjinta wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta ƙyalƙyale da dariya har matan gadajen kusa suka juyo. Ta ce musu ba komai, hawaye na zuba.

Da hantsi sai ga Mas'ud, Tala na biye da shi. Bai kashe moto ba, ana jin ƙararsa daga taga. Ya gaishe da mata, ya leƙa fuskar yaron.

"Alhamdu lillahi, ya yi kyau yau. Ashe madarar tasu na da ƙarfi." Ya sosa ƙeya. "Dama Inna ce ta ce in zo. Gobe kasuwa, matan Tibiri sun aiko tun jiya, ga gyaɗa an markaɗo tana jira, in ta kwana za ta lalace. Ta ce tunda buro sun sake ki gaba ɗaya, kuma yaron madarar kofi yake sha ba taki ba, Tala sai ta riƙe mishi kofin. Awa guda dai, kamar kullum. Ni zan kai ki in maido ki."

Tala ta riga ta ajiye mayafi, ta miƙo hannu biyu tana murmushi. "Kawo shi, Anti. Zo nan, mijin Inna."

Nazira ta dubi hannayen. Ta dubi mijinta, ta ga ba wasa yake ba, fuskarsa a sake, yana jiran ta gyara ɗaurin zane.

"Kada ki taɓa shi," ta ce.

"Anti?"

"Na ce kada ki taɓa mini ɗa. Sha'ibu nono yake sha."

Tala ta ja da baya ta rufe baki. Sunan ubansu ne, a bakin matar wa, a gaban baƙi. Mas'ud ya zaro ido.

"Nazira! Kanki ɗaya? Mi zan ce wa Inna?"

"Ka ce mata na zauna."

Ya tsaya yana jira ta ƙara wani abu. Ta juya musu baya, ta gyara tiyon da ɗan yatsa, ta tallafe kan yaron da bai fi cikin tafin hannunta ba. A waje moto na ta ƙara yana shan mai. Mas'ud ya kira sunanta sau biyu, ya ce gyaɗar fa, ya ce mutane fa na kallo. Ita kofin take kallo. Madarar ta daina sauka da sauri kamar jiya, amma maƙogwaron yaron na motsi, yana haɗiya.